Yadda ake mayar da tsofaffin katuna sababbin katunan barka da Sallah da na Kirsimeti

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwali guda cike da tsofaffin katuna: na barka da Sallah, na Kirsimeti da abokan aiki suke ba ni, da na gayyatar biki masu yawan gaske. Duk shekara sai na sayi sababbi don malaman yarana da maƙwabta da abokan aiki, ga shi kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabi. Ko akwai yadda zan sarrafa tsofaffin su fito da kyau, ba tare da wanda na ba ya ji na raina shi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Akwai, kuma ba sai da inji ba. Abin da za ki fara riƙewa shi ne, a jikin kati fuskarsa ce mai tsada, wato ɓangaren da aka buga wa hoto ko zane ko ruwan zinari. Sauran farin kwali ne da ambulan. Ita kuwa fuskar ba a yin rubutu a kanta, shi ya sa za ki tarar da ita garau ko da katin ya shekara biyar a ajiye. Aikinki shi ne ki raba ta da tsohon jikinta ki yi mata sabo. Wanda kika ba ba zai ji raini ba matuƙar yankan ya miƙe, ninkin bai tsattsage ba, gam bai kumbura takardar ba, kuma babu ko ɗigon tsohon rubutu. Abin da ke ɓata rai shi ne mutum ya ga an shafe sunan wani da Tipp-Ex an ɗora nasa, ko an liƙa takarda a kan tsohon saƙo ana hango shi ta ƙasa. Wannan kada ki kuskura. Tsohon rubutu yanke shi ake yi a fitar, ba a rufe shi.

Ki zazzage kwalin a kan tabarma da rana, inda haske ya wadata, ki bi katunan ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ki buɗe shi ki duba bayan fuskar, sannan ki karkata shi haske ya biyo ta gefe. Mai danna biro da ƙarfi yakan bar sawun rubutunsa a shafin da ke kallon wanda ya yi rubutun a kai, wani lokaci har ya fito ta gaba. Ido ba ya ganinsa kai tsaye, amma hasken gefe yana tona shi. Wanda fuskarsa da bayanta duk suke da tsabta, shi ne zakaran gwajin dafi, ki ware shi daban. Wanda fuskarsa ke da kyau amma an yi rubutu a bayanta, shi ma yana da amfani, tunda bayan zai ɓuya cikin gam, sai dai in maka aka yi amfani da ita tawadar ta ratsa. Wanda aka buga wa shekara, kamar a ce 1443 ko 2019, ko tambarin banki ko hoton ɗan takara, sai dai ki ciri wani sashe nasa. Kafin ki raba kowace fuska da jikinta, rubuta sunan wanda ya aiko miki da fensir a bayanta, a hankali ba tare da dannawa ba. Wannan ɗan rubutun ne zai hana ki mayar wa mutum katinsa, ko ki kai wa ƙanwar amarya katin da aka yi da gayyatar bikin gidansu.

Akwai kashin da ba a taɓawa da reza sai an tsaya an yi tunani. Katunan gayyatar aure da yawa suna ɗauke da Bisimilla a sama, wasu da ayar nan ta 21 ta Suratur Rum, katunan Sallah kuma da sunan Allah ko salatin Annabi (SAW) cikin rubutun ƙawa. Kada wuƙa ta ratsa ta tsakiyar aya ko sunan Allah. In za ki yi amfani da irin wannan fuskar, ɗauke ta gaba ɗayanta, ki ɗora ta a katin da kika san za a ajiye shi da daraja, ki kuma ba wanda ya san abin da ke jiki. Kada ki yi ambulan ko ɗan katin da ake ɗaura wa kyauta da ita, don waɗannan ana buɗewa ne a jefar, ƙarshensu bola ko kwata. Guntayen da suka rage masu irin wannan rubutu ki tara su a leda guda daban, a ƙona su a wuri mai tsabta ko a binne inda ba a takawa, kamar yadda malamai suke karantarwa, suna kafa hujja da abin da Sayyidina Usman (RA) ya yi da sauran rubuce-rubucen Alƙur'ani bayan an haɗa mus'hafi guda. Katunan Kirsimeti masu ayoyin Littafi Mai Tsarki su ma ki mutunta su: ko dai ayar ta tafi cikakkiya ga abokiyar aikinki Kirista, ko ki bar katin yadda yake. Sai kuma katin da mahaifi ko aminiya da ta rasu ta rubuto miki da hannunta. Wannan ba kayan aiki ba ne, mayar da shi ma'ajiyarsa.

Tsohon kati yakan yi warin ajiya. Ki shanya su a inuwa wuni guda, ba a rana ba, don rana tana kashe launi, musamman ja da ruwan hoda. In warin bai fita ba, ki zuba su a roba mai murfi tare da gawayi kamar dunƙule uku a ƙulle cikin tsumma, ki rufe kwana uku zuwa biyar. Wanda ya yi fumfuna, ko ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa suka fito masa, ki haƙura da shi, domin tabon ya shiga cikin takardar kuma yana iya harbin sauran. Wanda ya lanƙwashe kawai, ki sa shi tsakanin farar takarda biyu ki bi shi da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi, babu ruwa babu tururi. Amma kada guga ta taɓa katin da aka lulluɓe da leda mai sheƙi, ko mai ruwan zinari, ko mai rubutun nan da yake tasowa ana jin tudunsa da yatsa, wanda aka fi gani a katin biki. Wannan tudun wani gari ne da aka narkar da zafi a kan tawada, yana jin zafi zai sake narkewa ya manne da takardar. Irin waɗannan a ƙarƙashin littattafai masu nauyi ake miƙar da su, kwana biyu.

Kayan aikin ba su da yawa: rula ta ƙarfe mai santimita 30, wuƙar yankan takarda mai bakin da ake ɓallewa, fensir, biro da tawadarsa ta ƙare ƙaf, gam, da katon mai kauri da za ki shimfiɗa a ƙasa. Rular roba ba ta yi, wuƙa tana cinta, layi ya karkace tun daga kati na biyu. Almakashi kuma ba ya ba da miƙaƙƙen layi mai tsawo komai ƙwarewar hannu, ki bar shi don zagaye fure ko tauraro. Reza mai baki biyu tana yanka, amma hatsarinta ya fi amfaninta, balle in yara suna kusa. Wajen yanka, ki danne rular a kan ɓangaren da kike so, wuƙar ta bi ta gefen da za a zubar, ta yadda in hannu ya goce ɓarnar ba ta shafi hoton ba. Kada ki nemi ratsa kwali da ja guda. Ja biyu ko uku marasa ƙarfi sun fi ba da baki mai santsi. Da kin ga bakin yankan ya fara gashi-gashi, wuƙar ta dakushe, ɓalle gaɓa ɗaya ki ci gaba.

Sabon jikin katin kwali ne mai ɗan kauri. Masu madaba'a da masu sayar da takarda da nauyin murabba'in mita guda suke kiransa: takardar buga rubutu ta ofis giram 70 ko 80 ce, kwalin da ya dace da kati kuwa daga giram 200 zuwa 250. Ƙasa da haka katin ba zai tsaya da ƙafarsa a kan tebur ba, nauyin fuskar zai rinjaye shi. Wanda ya kai 300 kuma yana wahalar ninkewa da hannu. Kwali guda mai girman A4, wato santimita 21 da 29.7, in kika raba shi biyu kowane rabi zai zama 14.8 da 21, in kika ninke rabin sai ya koma 10.5 da 14.8. Ke nan A4 ɗaya jikin kati biyu ne, goma kuma ashirin. Wannan girman ki riƙe, don shi ne yake shiga ambulan ɗin da ake kira C6, mai 11.4 da 16.2. Kafin ki sayi kwali ma, ki leƙa wurin masu buga katin biki na unguwarku. Kullum suna da ragowar yanka da suke tarawa a gefe, a cikinta ana samun guntayen da suka isa jikin kati, kuma da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba za su daidaita miki su a injin yankansu gaba ɗaya, bakin ya fito tsaf fiye da na hannu.

Ninki shi ne inda aikin gida ya fi tona kansa, don haka bari mu daɗe a nan. Takardar da inji ya yi, zaruruwanta sun fi kwanciya ta fuska ɗaya, kamar rake da yake tsagewa salin-alin ta tsawonsa amma ya yi gardama in an nemi karya shi. Ki ɗauki kwalin ki ɗan lanƙwasa shi ta tsaye ba tare da kin ninke ba, sannan ta kwance. Ɓangaren da ya fi saurin biyo hannunki, nan ne kwanciyar zaren, kuma ninkin da ya bi wannan layin shi ne mai fitowa sumul. In kika ninke ta ɗaya ɓangaren, zaruruwan karyewa suke yi, sai ki ga bayan katin ya yi fari-fari ya tsattsage, musamman a kwali mai launi mai duhu. Ko ta wace fuska za ki ninke, sai kin fara fitar da hanya. Ki auna santimita 10.5 daga gefe a sama da ƙasa, ki ɗora rula, ki ja mataccen biron nan sau biyu ko uku da ɗan ƙarfi har ya yi rami, ba tare da ya huda ba. Sannan ki ninke ta yadda ramin zai kasance a waje, tudun a ciki. Mutane da yawa suna yin akasin haka don ya fi kama da daidai, amma masu madaba'a ramin suke bari a waje, domin fatar waje ta riga ta miƙe a wurin, ba za ta fashe ba. Daga nan ki ɗora farar takarda a kai ki murje ninkin da bayan cokali. In kika murje kai tsaye, cokalin zai bar sheƙi a jikin kwalin. Lokacin hunturu takarda takan bushe ta yi tauri, tsagewa ta fi yawa, saboda haka mai haɗa katin Kirsimeti ta ƙara ja ɗaya a kan layin kafin ta ninke.

Fuskar kuma ki yanke ta santimita 9.5 da 13.8, ta yadda in kika ɗora ta a tsakiya za a sami milimita 5 na farin kwali ya zagaye ta. Wannan ɗan gefen shi ne yake sa ido ya ga kamar haka aka tsara katin tun asali. Kada ki yi ƙoƙarin sa fuskar ta yi daidai da jikin baki da baki, kuskuren milimita ɗaya zai fito fili. Hanya mafi sauƙi ita ce ki yanke taga mai wannan awon a jikin wani kwali, ki riƙa ɗora ta a kan tsohon katin kina matsawa har hoton ya zauna yadda kike so, shekara ko tambari ya faɗa waje, sai ki ɗiga fensir a kusurwoyi huɗu. In hoton ƙarami ne, kamar jinjirin wata ko ƙubbar masallaci ko fure da kika ciro daga wani babban kati, ki fara ɗora shi a kan takarda mai launin da ya fito a cikin hoton, wadda ta fi shi da milimita 3 ta kowane gefe, sannan ki ɗora su biyun a jikin katin, sama da tsakiya kaɗan. Abu ɗaya mai kyau a tsakiyar fili ya fi guntaye biyar da aka cakuɗa.

Gam kuwa shi ne ya fi ɓata wa mutane aiki, kuma dalilin ɗaya ne: ruwa. Takarda tana shan ruwan gam ta kumbura, in ta bushe ta tsuke, sai ta ja abin da aka manna ta da shi ya lanƙwashe. Farin gam irin na kafintoci, kamar Top Bond, yana riƙo sosai, amma kaɗan ake sawa. Ki ɗiga kamar ƙwayar wake biyu a bayan fuskar, ki baza shi da guntun kwali har ya zama ba a ganin farinsa sai sheƙi, ki tsaya milimita 3 kafin baki don kada ya tsatso. Ki shafa a fuskar, ba a jikin katin ba. Ki ɗora, ki danna daga tsakiya zuwa gefe da tsumma mai tsabta, ki sa tsakanin farar takarda, ki ɗora littattafai masu nauyi a kai har kwana. Wanda ya bushe a sarari ba tare da nauyi ba, lanƙwasarsa ba ta gyaruwa daga baya. In da hali, ki sa kwanciyar zaren fuskar ta bi ta jikin, domin in sun saɓa kowanne zai ja ta nasa ɓangaren, katin ya murɗe.

Gam na sanda da ake murzawa ba shi da ruwa sosai, ba ya kumbura takarda, ya dace da takarda mara kauri da hannun yara, sai dai riƙonsa a kan kwali mai nauyi bai kai ba, kusurwoyi sukan ɗago bayan 'yan makonni, musamman da zafi. Salatef mai gam ta fuska biyu ya fi kowanne tsabta, babu jira babu lanƙwasa, amma tsadarsa tana iya cinye rangwamen da kike nema, kuma in ya kama a karkace ba ya ba da damar gyara. Salatef na yau da kullum kada ya fito a fuskar kati ko kaɗan. Yana yin rawaya, ya saki, ya bar tabo. Gam mai kamawa nan take, na ƙaramin bututu, yana ratsa takarda ya bar tabo mai duhu ya kuma sandare, ba na wannan aikin ba ne. Kullun sitaci yana riƙo, amma ruwansa ya yi yawa, ga shi yana gayyato kyankyasai da gara. Ƙaro kuwa, wanda ake sa wa tawadar allo, yana da wurinsa: ki jiƙa awo ɗaya cikin awo biyu na ruwan ɗumi ya kwana, ki tace da tsumma. Ya dace da ambulan, har ma kina iya shafa shi a bakin murfin ki bar shi ya bushe, ranar rufewa ki taɓa shi da jiƙaƙƙen yatsa ya kama, irin yadda kan sarki yake yi. Kaɗan za ki haɗa, don yana yin tsami cikin 'yan kwanaki. In bayan fuskar mai sheƙi ne ko mai leda, babu gam mai ruwa da zai kama shi, tunda ba shi da inda zai shiga. Ki goge shi sama-sama da samfefa mai laushi har sheƙin ya dushe, ki share ƙurar, sannan ki shafa.

A ciki, in kwalin fari ne mara sheƙi, ki yi rubutunki kai tsaye. In mai launi ne, ki yanke farar takarda 20.4 da 14.2, ki ninke biyu, ki ja siririn layin gam guda a gefen ninkin ta baya, ki saka ta. Layi ɗaya kawai; in kika manne ta gaba ɗaya, katin ba zai buɗe ba tare da ta yamutse ba. Ki rubuta saƙon kafin ki manna, in an yi kuskure takarda kawai aka yi asara. Kuma ki rubuta da hannunki, da sunan mutumin da kalma biyu da suka shafe shi: godiya ga malamar da ta yi haƙuri da ɗanki, ko addu'ar Allah ya karɓi ibada ya maimaita mana. A wurin mai karɓa wannan ya fi hoton nauyi.

Katunan kashin farko, masu tsabtar baya, ba sa ma buƙatar sabon jiki. Ki yanke fuskar milimita 2 daga tsohon ninkin don bakin ya fito sabo, ki daidaita sauran gefen, ki goge sunan da kika rubuta da fensir, ki yi rubutu a bayanta. Babu kwali babu gam, nan ne rangwamen ya fi yawa. Kada ki ga kamar kati mara ninki ragagge ne: katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa, wanda wani Baturen Ingila mai suna Henry Cole ya sa aka yi a Landan a 1843, falle ɗaya ne. In ta gidan waya zai bi ba tare da ambulan ba, kada ya gaza santimita 9 da 14, ki ja layi a tsakiyar bayan, saƙo a hagu, adireshi da kan sarki a dama, kuma kada ya kasance mai ƙyalƙyali ko duwatsu. Mai jiki da ambulan, in kika bi awon da ke sama, nauyinsa yana kusa da giram 18 zuwa 19, a ƙasashe da yawa kuwa matakin farko na kuɗin wasiƙa a giram 20 yake tsayawa, don haka maɓalli ko ƙullin zare guda yana iya tsallakar da shi mataki na gaba.

Katunan gayyatar biki su ne suka fi yawa a kwalinki, kuma kwalinsu ya fi na kowa kyau, sai dai rubutu ya cika tsakiyarsu: sunayen iyalai, adireshi, lambobin waya. Duk wannan ya fita, ko harafi kada ya saura, don sirrin mutane ne. Abin da ake samu a jikinsu shi ne murfin waje mai huda-huda ko zanen zinari, da gefuna, da zare, da farin bayan. Murfin da ba shi da suna sai ki zare takardar ciki ki saka taki, ya zama katin Sallah cikin minti biyar, in dai babu zobe ko hoton ango da amarya a jiki. Gefunan zinari ki yanke su sirara, faɗin santimita ɗaya, su zama ado a ƙasan wani katin. Ragowar kuma ki yanke su 5 da 9, ki huda santimita ɗaya daga baki, ki zura zare, ki ɗaura a kan kwanon cincin ko ledar naman layya da sunan gidan da za a kai. Ga masu aiken yara gida goma a rana guda, wannan yana hana kwanon wani ya tafi gidan wani.

Da su kuma ake yin ma'ajin goron Sallah na yara. Takardun naira 100 zuwa 1000 tsawonsu santimita 15 ne da ɗan ɗoriya, faɗinsu bai cika 8 ba. Ki yanke kwali 16.5 da 17, ki fitar da hanya a tsakiyar ɓangaren 17 ɗin ki ninke, ya koma 16.5 da 8.5. A ciki ki manna siririyar takarda mai faɗin santimita 2 a tsaye, gam a bakinta biyu kawai, sai ki zura kuɗin ta ƙarƙashinta. Kada ki manna kuɗin, kada kuma ki buga masa ƙusar takarda. Ban da ɓata shi da hakan ke yi, dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana hudawa da rubutu da yamutsa takardar naira.

Ambulan ma kina iya yi da takardar A4 guda, ko shafin tsohuwar kalanda da ba shi da aya ko hoton mutum. Ki tsayar da takardar, ki ja layi santimita 2.4 daga hagu da dama, tsakiya ya rage 16.2. Daga ƙasa ki auna 11 ki ja layi, ki ƙara 11.4 ki ja wani, abin da ya rage a sama, 7.3, shi ne murfi. Ki yanke gefunan nan na 2.4 daga kashin sama da na ƙasa, ki bar su a na tsakiya kawai. Ki ninke su ciki, ki shafa musu ƙaro, ki ɗago kashin ƙasa ya kwanta a kansu. Ki saka guntun takarda a ciki kafin ki danne, don in gam ya tsatso kada ya haɗe gaba da baya. In kalanda ce, hoton ya koma ciki, farin ya zama waje don rubuta suna.

Game da kuɗi, ki yi lissafi kafin ki fita kasuwa, don nan ne mutane suke ruɗin kansu. Ki haɗa kuɗin rula da wuƙa da gam da kwali, ki raba da kuɗin kati ɗaya na shago. In amsar ta ba ki takwas, to sai daga kati na tara kika fara cin riba. Mai buƙatar kati biyar a shekara, hanyar falle ɗaya da murfin katin biki ta ishe ta, kada ta sayi komai. Mai buƙatar ashirin ko talatin, sau biyu ko uku a shekara, ita ce sayen kayan zai yi wa rana, tunda rula da wuƙa suna daɗewa. Abin da ke cinye ribar shi ne kayan ƙawa: duwatsu, ƙyalƙyali, almakashi mai haƙora, maka kala goma sha biyu. Ko ɗaya ba ki buƙata, adon yana jikin tsofaffin katunan. Ki kuma dubi jerin sunayen da idon basira. Iyaye da kakanni da surukai zuwa ake yi a gaishe su, kati ba ya tsaya musu a madadin ƙafa; abokan nesa kira ko saƙon WhatsApp ya wadatar; kati ya fi dacewa da malamai, abokan aiki, likitar da ta kula da ke, maƙwabcin da bikinsa ba naki ba ne amma kina son ya san kina taya shi murna.

In kuma tunanin sayarwa ya zo miki, ki sani zanen da ke jikin kati yana da mai shi. Ba da shi kyauta wani abu ne, yin kasuwanci da shi wani abu ne daban. A Amurka, gidan kula da yara na St. Jude's Ranch da ke jihar Nebada ya daɗe yana karɓar fuskokin tsofaffin katuna, yara su yi musu sabon jiki a sayar, amma ya riƙa ƙin karɓar na kamfanonin Hallmark da Disney da American Greetings saboda haƙƙin mallaka. Na sayarwa, ki tsaya a kan zanenki da guntayen da ba su ɗauke da hoton wani kamfani.

Ki yi aikin kashi-kashi, ba kati ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba: yau yanka duka, gobe ninki da gam, su kwana a danne, jibi rubutu. Ki fara gwaji da katuna biyu da ba ki damu da su ba, don hannu ya saba da yawan gam. Na ƙaramar Sallah ki gama su kafin goman ƙarshe na azumi, lokacin da ibada da ɗinki da girki ba za su bar ki ba, kuma ki haɗa da na babbar Sallah a zama guda, tunda tsakaninsu wata biyu ne da kwana goma. A 'yan shekarun nan babbar Sallah tana faɗowa a farkon damina, gam yana jinkirin bushewa, takarda tana shan laima, saboda haka waɗanda kika gama ki ajiye su a kwance cikin leda mai zif, nesa da bango da ƙasa. Bayan kowane biki kuma, katunan da aka gama kallo a ofis ko a makaranta ki nemi izini ki karɓa kafin a share su, ki yanke fuskokin a makon, ki rubuta sunan mai aikowa a baya, ki raba na Sallah da na Kirsimeti da na biki a ambulan uku.